WireMock: shekara biyu ina gwada manhajar sayar da data da shi

Mu uku ne muke kula da wata manhajar sayar da data da katin waya a wani ɗan ofis a Kano, ni ne kuma ke riƙe da ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun manhaja ta intanet tana ba da amsa. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san cewa datar ba taka ba ce, kai ɗan tsakiya ne. Kwastoma ya danna "saya", manhajarka ta cire kuɗi daga walat ɗinsa, ta aika buƙata zuwa sabar dillalin da kake sarin data a wurinsa, sai ta tsaya jiran amsa. In ya ce an tura, ka nuna wa kwastoma rasit. In ya ce ba a tura ba, ka mayar masa da kuɗinsa. Haka na fahimci aikin lokacin da na rubuta shi, kuma haka na gwada shi: amsa biyu, e ko a'a.

Jajiberin wata ƙaramar sallah na gane cewa akwai ta uku, wato shiru. Mutane sun yi yawa a layi, sabar dillalin ta yi nauyi, ta riƙa karɓar buƙata tana tura data amma amsarta ba ta iso mana sai bayan wa'adin daƙiƙa 30 da na sa wa manhajarmu ya wuce. Ita kuma manhajar, kamar yadda na rubuta ta da hannuna, in wa'adi ya cika sai ta ɗauka ba a tura ba, ta sake aikawa. Wasu kwastomomi sun sami data sau biyu a kuɗin ɗaya. Wasu sun sami data an kuma mayar musu da kuɗinsu. Da asuba mai manhajar ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce: "Malam, ka ce mini kun gwada komai kafin mu fito." Na ce masa: "Yallaɓai, mun gwada abin da muka iya gwadawa." Gaskiya na faɗa, amma ba ta isa amsa ba. Dillalin yana da sabar gwaji, sai dai ita kullum lafiya take, tana amsawa cikin ƙiftawar ido. Ba ni da wata hanya ta ce mata yau ki yi jinkiri, ko ki katse waya a tsakiyar magana.

Neman wannan hanya ya kai ni ga WireMock.

A taƙaice, saba ce ta kwaikwayo da kake kunnawa a kan kwamfutarka. Ka gaya mata, in an aiko miki da buƙata mai siffa kaza zuwa adireshi kaza, ki amsa da kaza. Sai ka juya manhajarka ta daina magana da sabar gaske, ta koma magana da wannan. A wurin manhajar babu bambanci, HTTP ne na gaske, wato yaren da manhaja da saba ke magana da shi, ke tafiya tsakaninsu, da kanun saƙo da lambar amsa da komai. Wani masanin manhaja ɗan Birtaniya, Tom Akehurst, shi ya fara shi a 2011. Da yaren rubuta manhaja na Java aka rubuta shi, kod ɗinsa a buɗe yake ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, ba a biyan ko kwabo. Akwai kamfanin da ke sayar da wani nau'insa da ake amfani da shi ta intanet, WireMock Cloud, wanda a da ake kira MockLab, amma ni na kyautan nake amfani da shi kuma a kansa nake magana.

Kunna shi bai ɗauke ni minti goma ba. Fayil ɗaya ne na jar, wato ƙunshin manhajar Java, ka sauke, ka kira shi da umarnin Java, ya tashi a ƙofa mai lamba 8080. Zai buɗe folda biyu kusa da kansa. A cikin `mappings` kake ajiye ƙa'idojin amsa, kowacce a fayil ɗin JSON (tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayani da shi) mai kashi biyu, buƙatar da ake jira da amsar da za a bayar. A cikin `__files` kake ajiye dogayen amsoshi da ba ka so su cika maka fayil ɗin ƙa'ida, kamar jerin farashin data na kowane layi. Wanda ya fi son Docker, kayan aikin da ke kunna manhaja a ƙunshe da duk abin da take buƙata, akwai shi a shirye da sunan `wiremock/wiremock`. Mu da yake sabarmu Java ce, yawancin lokaci a cikin JUnit, kayan rubuta gwajin kod na Java, muke kunna shi: a rubuta `@WireMockTest` a saman ajin gwaji, ya tashi da kansa a kowace ƙofa ya tarar a sake, ya kashe kansa in an gama.

Wannan duka kowane kayan kwaikwayo zai yi maka. Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne yadda ya iya kwaikwayon saba marar lafiya.

Gwajin farko da na rubuta, na daren sallah ne. Layi ɗaya na ƙara a amsar, `fixedDelayMilliseconds`, na sa masa 35000, wato ya riƙe amsa daƙiƙa 35 kafin ya sake ta. Na kunna gwaji na zuba ido. Manhajar ta jira, ta gaji, ta sake aikawa, daidai yadda ta yi a wancan dare. Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina, domin kwana uku na yi ina bin rajistar saba ina ƙoƙarin gane abin da ya faru, ga shi yanzu yana faruwa a gabana duk lokacin da na danna maɓalli. Daga baya na rage wa'adin jiran zuwa daƙiƙa biyu a yanayin gwaji kawai, jinkirin kuma uku, don kada kowane gwaji ya ci mana rabin minti. Wannan shawara ce da nake ba kowa: wa'adin jira ya zama abin da ake sauyawa daga fayil ɗin saiti, kada a kafe shi a cikin kod.

Bayan jinkiri tsayayye, yana da jinkiri mai sauyawa, inda kake ba shi tsaka-tsakin lokaci da girman bambanci, sai yawancin amsoshi su zo da wuri, ɗaiɗaiku su makara sosai. Wannan ya fi kama da yadda netwok ke yi mana a zahiri. Yana da wanda ke ɗigo amsa kaɗan-kaɗan, `chunkedDribbleDelay`, kamar famfon da ruwa ya ja baya: an fara amsa maka, amma sai a hankali za ta kammala. Wannan ya tona mini wani kuskuren da ban san da shi ba, domin wa'adin da na sa yana ƙirga shirun da ke tsakanin gutsure da gutsure ne, ba tsawon jiran gaba ɗaya ba, don haka saba mai ɗigo za ta iya riƙe mana layi fiye da yadda na zata.

Sai kuma lalacewa ta gaske, kala huɗu, a ƙarƙashin kalmar `fault`. `EMPTY_RESPONSE` ya karɓi buƙatarka ya rufe layi ba tare da cewa uffan ba. `CONNECTION_RESET_BY_PEER` ya katse layin da ƙarfi. `MALFORMED_RESPONSE_CHUNK` ya fara da lambar nasara ta 200 kamar komai lafiya, sannan ya biyo da shirme ya rufe. `RANDOM_DATA_THEN_CLOSE` ya zubo shirme tun daga farko. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma biyu daga cikinsu sun kayar da manhajarmu ta hanyar da ta bar kuɗin kwastoma a rataye, an cire amma babu wani bayani a rajista da zai sa a bi sawunsa. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kod ɗina na karɓar kuskure yana da kyau a ido, amma ba a taɓa ɗauke masa miya ba sai ranar.

Lambobin amsa na yau da kullum ba sai na tsaya a kansu ba. Ka rubuta 401 ka ga yadda za ta yi in mabuɗin sirrin shiga sabar ya mutu, 429 in an ce ka cika aike, 502 ko 503 in sabar ta faɗi. Abin lura ɗaya kawai: 502 sau da yawa shafin HTML ne ke zuwa da ita daga wata na'ura da ke gaban sabar, ba JSON ba. Ka kwaikwayi wannan ma, ka ga ko mai karanta JSON ɗinka zai tsira.

Gyaran da na yi wa matsalar sallah ya buƙaci wani abu dabam. Yanzu in wa'adi ya cika ba ma sake aikawa kuma ba ma mayar da kuɗi. Cinikin yana shiga halin "ana jira", sai manhajar ta riƙa tambayar dillali labarin lambar shaidar cinikin lokaci-lokaci har ta sami tabbas. Don gwada wannan dole tambaya ɗaya ta sami amsa dabam-dabam: karon farko a ce ana kai, na biyu a ce ana kai, na uku a ce an tura. WireMock yana da tsarin zango-zango na wannan. Kowace ƙa'ida ka gaya mata sunan labarin da take ciki, zangon da za ta yi aiki, da zangon da za a koma bayan ta amsa. Kowane labari yana farawa daga zangon `Started`. Yana aiki, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Amma rubutunsa yana da wahala, domin zango uku na nufin ƙa'ida uku kusan iri ɗaya, kuma in ka manta ba ka mayar da labarin farkonsa ba tsakanin gwaji da gwaji, na biyu zai gaji zangon da na farko ya bari. In a cikin JUnit kake da `@WireMockTest` yana share maka da kansa. In sabar da ke zaune ce kuke rabawa da abokan aiki, sai ka tuna da kanka.

Ɗayan rabin gyaran kuwa shi ne tabbatar da cewa ba mu aika sau biyu ba. Nan ne na fi jin daɗin kayan. Yana rubuta duk buƙatar da ta iso masa, kuma za ka iya tambayarsa a ƙarshen gwaji: sau nawa aka aiko da umarnin saye mai wannan lambar shaida? In amsar ba ɗaya tak ba ce, gwaji ya faɗi. Layi ɗaya ne na kod, kuma shi ne layin da da yana nan tun farko da ba a kira ni da asubar sallah ba. Da irinsa muke duba cewa kuɗi ya tafi a kwabo ba a naira ba wajen kamfanin karɓar kuɗi, wato ₦500 ta fita a matsayin 50000, abin da sabon shiga ke yawan tuntuɓe a kai.

Wani alheri da ban zata ba shi ne abin da yake yi in buƙata ba ta dace da kowace ƙa'ida ba. Yana mayar da 404, lambar da ke nufin ba a samu ba, amma tare da bayani: ga ƙa'idar da ta fi kusa, ga abin da ka aiko, ga layin da suka saɓa, gefe da gefe. Ƙaramin cikinmu, wanda ke rubuta ɓangaren waya, ya taɓa shafe yamma guda yana neman dalilin da ƙa'idarsa ba ta kamawa, da na ce ya karanta jikin 404 ɗin sai ga shi a fili. Ya yi amfani da `url`, wanda ke son adireshi cif har da abin da ke bayan alamar tambaya, alhali `urlPath` yake nufi. A nan zan ƙara da cewa in ƙa'ida biyu suka dace da buƙata ɗaya, wadda aka saka daga baya ce ke ci, sai in ka ba su `priority`, inda ƙaramar lamba ke gaba da babba. Wannan ya rikita ni a makon farko.

Shi ɗan'uwan namu mai ɓangaren waya ya fi kowa cin moriyar abin ta wata fuska. Ba ya jiran na gama saba kafin ya fara shafi. Mu zauna mu yarda da siffar amsa, in rubuta masa ƙa'ida, ya ci gaba da aikinsa. Ranar da aka ɗauke wuta ko datar ofis ta ƙare, matuƙar akwai caji a kwamfuta aiki bai tsaya ba, tunda komai a cikin na'urar yake. Abu biyu ne suka tare shi da farko, kuma duk biyun daga Android suke: wayar kwaikwayo ta Android tana ganin kwamfutar da take kai a adireshin 10.0.2.2, ba `localhost`, sunan da kwamfuta ke kiran kanta da shi, ba, sannan tun daga Android 9 ba a barin HTTP marar kulle sai ka ba da izini a saitin manhaja.

Yana kuma iya naɗa. Ka sa shi tsakanin manhajarka da sabar gaske, ya riƙa miƙa saƙo yana rubuta abin da ya wuce, in ka tsayar ya mayar da su fayilolin ƙa'ida. Da haka na samu ainihin siffar amsoshin dillali ba tare da na kwafa da hannu ba. Amma a yi hattara. Abin da ya wuce ta cikinsa yake rubutawa, kuma namu dillalin a jikin buƙata yake karɓar mabuɗin sirri, ga lambobin wayar da muka yi gwaji da su. Saura ƙiris in tura fayilolin ma'ajiyar kod da mabuɗin a ciki. Tun ranar duk fayil ɗin da aka naɗa sai mutum biyu sun karanta shi kafin ya shiga. Kuma fayilolin naɗin suna zuwa da dogayen sunaye da tarkacen kanun saƙo, sai ka zauna ka tace su.

Yanzu ga inda yake gajiyarwa. Sai da Java, in ba ta Docker ka bi ba. Siga ta 3, wadda ta fito a 2023, tana son Java 11 ko sama, kuma ga wanda ba da Java yake aiki ba, da PHP ne ko Flutter, kamar yawancin matasan da nake gani suna irin wannan sana'a, wannan ƙarin kaya ne a kan kwamfutar da dama ba ta da yalwar ƙwaƙwalwa. A sigar ta 3 ɗin kuma an sauya sunan da ake janyo shi da shi, daga `com.github.tomakehurst` zuwa `org.wiremock`, don haka darussa da yawa da za ka tarar a intanet na tsohon ne, ka lura da shekarar kowanne kafin ka kwafa. A kan wani injin saba mai suna Jetty aka gina shi, saboda haka in aikinka na Spring Boot, tsarin gina saba da Java, yana ɗauke da wata sigar Jetty dabam za su iya yin karo. Nau'in `wiremock-standalone` ya zo da kayansa a ƙunshe, shi ne mafita mafi sauƙi. Rajistar buƙatun da na yaba ɗazu a ƙwaƙwalwa take taruwa, in za ka bar shi a kunne kwanaki ko za ka yi gwajin nauyi, ka sa mata iyaka ko ka kashe ta. Na kyautan kuma ba shi da wani shafi mai maɓallai na tsara ƙa'idoji, banda ɗan shafin naɗi. Komai rubutu ne. Fayilolinmu sun haura arba'in yanzu, kuma da ba mu raba su folda-folda da sunan dillali ba da tuni mun ɓace a ciki. Yana da tsarin cike gurbi na Handlebars, wanda ke ba ka damar ɗauko lambar shaida daga buƙata ka mayar da ita cikin amsa. Yana da amfani, amma na ga yadda mutum ke zarcewa har ya fara rubuta sabar dillali sukutum a cikin fayilolin kwaikwayo. Na fara wannan hanya na dawo, domin in kwaikwayon ya yi wayo da yawa shi ma sai an gwada shi.

Babban abin da nake so mai karatu ya sani kafin ya dogara da shi ya same mu ne wata takwas bayan mun fara. Ɗaya daga cikin dillalanmu ya sauya kalmar da yake nuna nasara da ita a amsarsa, ya ƙara mata haruffa uku a ƙarshe. Gwaje-gwajenmu duka suka ci gaba da wucewa, kore shar, domin sabar kwaikwayo tana nan tana maimaita tsohuwar kalmar da na koya mata. A fili kuwa kowane ciniki na wannan dillali yana shiga "ana jira" ya zauna. Ba mu yi asarar kuɗi ba wannan karon, albarkacin gyaran da aka yi, amma kwastomomi sun yi awanni ba rasit. WireMock bai yi laifi ba a nan. Abin da na gaya masa game da dillali shi yake faɗa mini, ba shi da ido a kan dillalin. Manyan kamfanoni da ke riƙe da ɓangarorin biyu suna toshe wannan ɓaraka da gwajin yarjejeniya, da kayan aiki irin Pact, inda mai saba ma ke gudanar da gwajin a wurinsa. Mu ba mu da ikon sa dillali ya yi haka. Abin da muka iya shi ne mu rubuta ƙaramin aiki da ke sayen katin ₦100 na gaske daga kowane dillali kowace safiya, ya kwatanta siffar amsar da ta zo da wadda ke cikin foldarmu, in sun saɓa ya turo mana saƙo.

Na taɓa wasu kayan kafin in zauna a kan wannan. Mockoon manhaja ce ta kan tebur, kyauta, mai maɓallai, ba ta buƙatar Java, kuma ita nake nuna wa duk mai ɓangaren waya da kawai yake son amsar wucin gadi ya ci gaba da gina shafinsa. Sabar kwaikwayo ta Postman, manhajar gwada aika buƙata zuwa saba, ita ma na duba; kwaikwayon nata, a lokacin da na gwada shi, a sabar kamfanin yake zaune, sai da intanet, wanda bai dace da ofishinmu ba. MockServer ɗan'uwan WireMock ne na kusa, shi ma Java ne, yana yin kusan duk abin da na lissafa. Na zaɓi WireMock ne saboda bayanin 404 ɗinsa da kuma yadda rubutunsa ke karantuwa a cikin gwaji. Masu aiki da tsarin .NET maimakon Java suna da nasu, WireMock.Net.

In manhajarka tana taɓa kuɗin mutane ta hanyar sabar wani, ko ta banki ce, ko ta data, ko ta tura saƙon waya, ina ba ka shawarar ka ware masa kwana biyu. Kada ka fara da amsar nasara, wannan sabar gwajin dillali ma za ta ba ka. Fara da jinkirin da ya wuce wa'adinka, sai layin da aka katse, sannan ka tambaye shi sau nawa aka aiko. A wurinmu gwaje-gwajen da ke jingine da shi suna gamawa cikin ƙasa da minti biyu, kuma ba a tura sabon kod sai sun wuce. Na farkon cikinsu har yau sunansa `jajiberinSallah`, kuma makon da ya wuce ya kama ƙaramin namu ya mayar da sake-aikawa cikin kod ba da saninsa ba, lokacin da ya sauya laburaren kod ɗin da muke kiran dillali da shi.